Tagulla Ba Ta Dawowa

"Har yanzu suna rawa," in ji Danar. "Ki ƙara murɗawa kaɗan."

Kinanti ta ja izga a kan tsirkiya biyu lokaci guda, ta karkata kai tana saurare. Muryoyin biyu suna tafiya tare, amma a tsakaninsu akwai wata 'yar kaɗawa, kamar ta ruwan randa da aka taɓa da yatsa.

"To ai daɗin ke nan, Mas," ta ce, tana kiransa yadda ake kiran yaya a wajensu.

"Ba daɗi ba ne, kuskure ne. Ki murɗa har rawar ta tsaya cik."

"A gidanmu wanda ya kashe wannan rawar ba ya cin abincin rana."

"Nan ba gidanku ba ne, Dik, ƙanwata. Nan ajina ne, kuma ni ma na iya hana abinci."

"Wane abincin? Soyayyar ayabar da ni na kawo?"

Dariya ta ƙwace masa, ya juya baya don kada ta gani. Ita kuwa ta matse babban gogen nan, biyola, da haɓarta, ta murɗa 'yar ƙusar itacen a hankali. Kaɗawar ta yi sanyi, ta ƙara sanyi, sannan ta ɓace. Muryoyin biyu suka miƙe sambal kamar zaren da aka ja.

"Kin ji?" ya tambaye ta a hankali.

"Na ji..."

"Daga nan ake farawa. Sai kin iya tsayar da ita kafin ki iya sa ta rawa da gangan."

Ta sake jan izgar, ta daɗe tana jin wannan miƙaƙƙen sauti, har ta fara jin cewa shi ma yana da irin nasa kyau.

Ruwan sama ne ya haɗa su. Ranar, mahaifinta ya aike ta cikin birnin Solo ta kai wani ƙaramin gong, farantin tagullar da ake bugawa a kiɗa, wani tsohon rumbun rini da aka mayar wurin wasanni. Tana shirin hawa babur ɗinta ruwa ya kece, sai ta koma ciki ta raɓe a kujerar baya tana jiran ya tsagaita. Can sai ga wani saurayi ya fito shi kaɗai, riƙe da abin kiɗa irin gogen da ake kaɗawa a gidajen biki, sai dai wannan ya fi girma. Babu ganga, babu mawaƙi, babu kowa a bayansa.

Ya fara da wani sauti da ba za a kira shi kiɗa ba, izga ce kawai take shafar itace, kamar numfashin mai barci. Daga nan tsirkiyar ƙasa ta yi wani nishi mai kauri. Sai ya yi shiru, shirun da ya yi tsawo har wani mutum ya yi tari don kunya. Da muryar ta dawo, Kinanti ta ji tamkar wata tsohuwa ce take ba da labarin abin da ta ɓoye tun tana budurwa. Ba ta san hawaye na zubo mata ba sai da ya ɗiga a bayan hannunta.

Da aka watse ta tsaya a bakin ƙofa, ta yi ƙarfin hali ta tambaye shi, "Me ya sa ba ta ƙara kamar ƙaramar da ake kaɗawa a biki?"

"Ƙaramar tana kuka ne don a ji ta," ya ce. "Biyola da kanta take magana. Wanda ya so sai ya matso."

Ta matso. Tun daga lokacin duk ranar Asabar tana barandar makarantar kiɗan da yake koyarwa, da aron biyola a kafaɗarta. Ya koya mata riƙon izga, ya koya mata shafa ƙaro, ya sa ta yi wata guda tana jan tsirkiya ɗaya tak. Idan ta gaji sai ya karɓa ya kaɗa mata sababbin kaɗe-kaɗen da masu su suke raye har yanzu, ya ce ta faɗa masa abin da ta ji. Ba ya taɓa ce mata ta yi kuskure a nan. Haka so ya shiga tsakaninsu, babu wanda ya san ranar da ya yi sallama.

A gida kuwa akwai abin da ba a faɗa.

Mahaifinta, Pak Sarwoto, mai gyaran muryar gamelan ne, wato kayan kiɗansu na gargajiya na tagulla, a ƙauyen maƙeran da ke gefen birni. Wasu su narka tagulla su ƙera, shi ne mai sa mata murya. Da magagari da guduma yake bin kowane ƙarfe har ya faɗi abin da ya kamata ya faɗa. Amma ƙarar maƙera ta shekaru ta ci kunnensa, ta fara da na hagu, yanzu ta kusa gamawa da na dama. Babu wanda ya sani sai matarsa da 'yarsa. Ɗansa namiji yana can tsibirin Kalimantan yana aikin katako, kuma ko yana nan kunnensa da bango duk ɗaya.

Don haka Kinanti ce kunnen. Idan masu kaya suna zaune, sai ta kawo shayi ta tsaya a gefe kamar mai jiran kofuna. Ya buga ƙarfe ya dube ta ta wutsiyar ido. Idan ta taɓa ɗankunnenta, ya ci gaba da goga. Idan ta ajiye faranti, ya tsaya. Idan babu kowa kuwa, ita yake miƙa wa magagarin.

Wata safiya tana taya mahaifiyarta, Bu Lastri, yankan tempe, wato curin waken suya, uwar ta kama haɓarta ta juya.

"Mene ne wannan a wuyanki?"

"Biyola ce, Bu."

"Biyolar cizo take yi?"

"Wurin da nake matse ta ne. Duk masu kaɗa ta suna da shi. Mas Danar ma yana da shi."

"Au, har wuyansa kika duba?"

"Bu..."

"Ja mayafinki ki rufe kafin matan unguwa su ƙirƙiro miki tarihi." Uwar ta mayar da kai kan wuƙarta, muryarta ta sauya. "Ba na ƙin yaron, Nduk, 'yata. Yana da ladabi, yana rusunawa idan ya wuce babanki. Amma kunne ɗaya ya rage a gidan nan, kuma a kanki yake. Ki san inda kike kai shi."

"Ina dawo da shi, Bu."

"Allah ya sa yadda kika fita da shi kike dawowa da shi."

Ba a daɗe ba Danar ya zo mata da labari. Wata babbar ƙungiyar kiɗa a Kuala Lumpur ta ɗauke shi, bayan ƙaramar Sallah zai tafi. Ya faɗa mata ne yana ɗaure jakar biyolarsa, idonsa a ƙasa.

"Ina so in turo kawunaina gidanku kafin in tafi."

Ta ɗago ta dube shi. "Su zo su yi me?"

"Su sayi gong. Me kike tsammani?"

Ta rufe fuska da tafin hannu tana dariya, shi ma yana yi.

"Can akwai malaman da suka fi ni nesa ba kusa ba, Dik. Hannunki ya makara da farawa, amma kunnenki... ban taɓa koya wa mai irinsa ba. Kuma ranar wasana na bankwana ke za ki buɗe. Wani abokina ya tsara ɗan gajeren kiɗa don biyola ita kaɗai. Za ki iya shi."

"Ni kaɗai a gaban mutane?"

"Ke da ita. Ai ku biyu ne."

Murmushinta ya gushe. "Bapak fa?"

Mahaifinta take nufi. Danar kaɗai ta taɓa gaya wa sirrin gidansu.

"Sai a nemo masa wani mataimakin."

"Duk wanda aka kawo, kafin azahar ya gane. Kafin magariba ƙauye ya sani."

"Za mu sami hanya, masoyiyata. Ki bar ni in yi tunani."

Ta bar shi. Ta ɗauki takardar kiɗan ta tafi da ita gida, ta shiga yinsa safe da yamma a bayan ɗakin girki. Kiɗan cike yake da tsirkiya biyu a haɗe, kuma duk inda ta ji rawa a tsakaninsu sai ta gyara yatsa har ta mutu.

Cikin wannan hali aka kawo aikin Mbah Wiryo, dattijon da ke jagorantar makaɗan wani ƙauye a gindin dutse. Saron biyu ne, tagwaye, faranten tagulla jere a kan akwatin itace mai sassaƙa. Gadon kakanni ne, sun tsufa har sun yi baƙi. Ɗaya daga ciki muryarsa ta ɗan zame, ana so a daidaita shi kafin bikin tsarkake ƙauye na bayan girbi.

Zazzaɓi ya kwantar da Pak Sarwoto a makon. Ya kira ta bakin gado. "Ki lallaɓa su, Nduk. Tsofaffi ne, taɓawa kaɗan suke so."

Ta shiga rumfar aiki da safe, yatsunta ba su huce daga tsirkiya ba. Ta buga farantin farko na wannan, ta buga ɗan'uwansa na wancan. Rawar ta tashi a tsakaninsu, irin rawar da ake barin tagwayen saron da ita da gangan, wadda ita ce numfashin gamelan. Tun tana goye take jin ta. Amma ranar sai ta ji ta kamar tsakuwa a cikin shinkafa.

Ba ta yanke shawarar komai ba. Hannunta ne ya ɗauki magagari. Ta goga, ta buga, ta saurara, ta sake gogawa har muryoyin biyu suka miƙe suka zama ɗaya. Ta koma na gaba. Tana aikin tana rera kiɗan Danar a ranta. Kafin la'asar ta gama jeren duka, garin tagulla ya taru a ƙafarta, zuciyarta fes.

Da uban ya samu sauƙi ya fito, ya buga faranti ɗaya ya ɗora yatsa a gefensa, sannan ya dubi fuskarta. Ta gyaɗa kai. Shi ma ya gyaɗa.

Tare suka kai kayan. A babbar rumfar ƙauyen makaɗa sun hallara, an shimfiɗa tabarmi, an kawo shayi da dafaffiyar gyaɗa. Mutum biyu suka zauna a gaban tagwayen, Mbah Wiryo ya ba da alama aka fara.

Ba a yi nisa ba kiɗan ya fara tsinkewa. Mai ganga ya sassauta hannu. Masu saron suka dubi juna. A nan, a tsakiyar sauran kayan da suke kaɗawa suna numfashi, Kinanti ta ji abin da ta aikata. Tagwayen suna tsaye ƙiƙam a cikin kiɗan kamar gawa a tsakiyar masu rawa.

Mbah Wiryo ya ɗaga hannu aka tsaya. Ya karɓi sandar bugun, ya bi faranten ɗaya bayan ɗaya, ya juya ɗaya ya shafa cikinsa inda aka goge. Sannan ya yi murmushi irin na dattawa.

"Ya yi tsabta, Pak Sarwoto. Tsabta ƙwarai. Kamar gidan da aka kwashe kayan ciki."

Pak Sarwoto ya ga murmushi, sai ya rusuna ya ce, "Na gode, Mbah. Aikinmu ke nan."

Dattijon ya daɗe yana kallonsa. Ya tashi kamar zai ɗauko wani abu, ya zagaya ta bayansa, ya kira sunansa da murya irin ta hira. Ya sake kira. Pak Sarwoto yana zaune yana kurɓar shayi.

Kinanti ta yunƙura. "Mbah, ni ce na..."

Uban ya ga motsin bakinta, ya ga fuskokin mutane, ya waiwaya ya ga dattijon tsaye a bayansa. Nan take ya gane komai. Ya ɗora hannu a kan gwiwarta ya danne.

"Ni na yi aikin, Mbah," ya ce da murya mai ƙarfi irin ta wanda ba ya jin kansa. "Yarinya shayi kawai take kawowa. Kunnena ya tafi tuntuni, na ƙi faɗa. Ku yafe mini."

Babu wanda ya yi masa faɗa. Da sun yi da ya fi sauƙi. Aka ƙara masa shayi, aka raka su har bakin mota ana yi musu addu'ar sauka lafiya.

A hanya ta matsa bakinta kusa da kunnensa na dama. "Zan gyara, Pak. Zan mayar da rawar."

"Da me? Sun yi siriri. Idan magagari ya sake taɓa su, muryar gwangwani za su yi."

"Me ya sa ka ce kai ne?"

"Nawa sunan ya gama aikinsa, Nduk. Naki bai fara ba."

Cikin makonnin da suka biyo, masu kaya suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya. Kowa da uzurinsa mai daɗi. Wannan an matso da bikinsu, wancan motar ɗaukar kaya ce ta samu yau. Suka kwashe tagullarsu ba a gyara ba. Rumfar ta zama fili. Bu Lastri ba ta ce "na faɗa miki" ba, sai dai ta daina kallon wuyan 'yarta. Mutum ɗaya ne ya bar kayansa, wani tsohon abokin uban, wanda ya ce, "An ce 'yar tana da kunne. A bari in gani."

Ranar Asabar Kinanti ta je makaranta da biyolar a cikin jakarta, ta ajiye ta a kan teburin baranda ba ta buɗe ba. Ta ba Danar labari tun daga farko. Ya saurara har ƙarshe.

"Laifina ne," ya ce.

"Ba ka riƙe magagari ba."

"Dik, kunne yana iya riƙe harshe biyu. Na san mutanen da suke yi. Ni kaina nakan sa tsirkiya rawa idan kiɗan ya nema. Lokaci kawai kike buƙata."

"A kan kayan wa zan koyi lokacin? Ban ji kaina ina kuskure ba, Mas. Daɗi nake ji. Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan." Ta share ido da gefen mayafi. "Tsirkiyarka idan ta zame, murɗawa kake yi ta dawo. Tagulla ba ta dawowa."

"To ki bar tagullar. Ki zo mu tafi. Mu ɗauki Bapak da Ibu daga baya."

"Ya tsaya a gaban mutane ya binne kansa don in tsaya a wurinsa. In tsallake kabarin in hau jirgi?"

"To ni zan zauna. Ba zan je ba."

"Ka zauna ka yi me? Ka riƙa kaɗa wa amare suna cin abinci? Na ji ka ranar ruwan nan, Mas. Na san abin da ke cikinka. Kuma idan kana garin nan ba zan iya hana hannuna wannan jakar ba."

"Zan jira ki. Shekara nawa ne?"

"Kada ka sa ni in fara ƙirga ranar mutuwar mahaifina."

Ya tura jakar gabanta a hankali. "Ki riƙe ta ko ba za ki kaɗa ba. Don Allah, rabin raina."

Ta ɗora tafin hannunta a kan jakar, ta bar shi nan na ɗan lokaci. Sannan ta janye.

"Ka ba wata mai kunne biyu."

"Wasan fa? Ko zuwa ba za ki yi ba?"

"Idan na ji ka, ba zan koma gida ba."

Ta sauka daga barandar. Ya kira ta sau ɗaya, ba ta waiwaya ba, domin ta san idan ta ga fuskarsa maganarta za ta rushe.

Ranar wasan bankwanan ta wuni a rumfar aiki da kayan abokin uban. Kunnenta bai gama dawowa ba. Takan buga faranti biyu ta ji rawar, wani abu a cikinta ya ce ta kashe ta, sai ta ajiye magagari ta jira har muryar ta yi shiru. Pak Sarwoto yana zaune a kan ɗan benci yana kallon hannunta. Da rana ta karkata, lokacin da ta san mutane sun fara zama a kujerun tsohon rumbun, sai ya yi gyaran murya.

"Ibunki ta ce yau yaron yake wasansa."

Ta gyaɗa kai.

"Ki tafi, Nduk. Ba wasan kawai nake nufi ba. Ki bi shi. Ni na ci zamanina, gidan nan ba kurkuku ba ne." Idonsa ya kawo ruwa. "Ki faɗa mini gaskiya, kina son sa?"

Kinanti ta juya masa baya kamar mai neman wani abu a kan kantar kaya. Ta fuskanci bango, ta yi magana da muryarta ta kullum, wadda ta san ba za ta kai gare shi ba.

"Ina son sa, Pak. Ina son sa har numfashina yana ciwo. Ina son in tafi. Ina son in tsaya a gaban mutane ni da biyolar, ko sau ɗaya, in ji yadda abin yake. Da ka bar ni na ce ni ce, da yanzu an kore ni na huta... Ban san yadda zan yafe maka wannan alherin ba."

Kafaɗunta suna rawa. Ta bari sai da suka tsaya. Ta goge fuskarta tas da mayafi, ta juyo da murmushi, ta durƙusa kusa da kunnensa na dama.

"Ya wuce, Pak," ta ce da ƙarfi. "Yarinta ce kawai."

Ya daɗe yana kallon jajayen idanunta. Ya sunkuya ya ɗauki magagarin daga ƙasa, ya share shi da gefen zanensa, ya miƙa mata da hannu biyu.